Yadda Zaku Riƙe Ibada Da Godiyar Allah A Cikin Gida Lokacin Da Rayuwa Tayi Tsanani

Duk gidan da matsi ya shiga, ko rasa aiki ne, ko jinya mai tsawo, ko bashi, ko rasuwar wanda yake ɗauke da nauyin kowa, zaka ga abun da yake fara canzawa shine yadda mutanen gidan suke magana da juna. Maigida ya dawo fuska a ɗaure, uwargida ta gaji tun safe, yara kuma suna ta kallon fuskokin manya suna aunawa ko yau za'a iya dariya ko kuwa gara kowa ya kama kansa. Daga nan sai sallah ta koma abun da ake yi a gurguje kowa a kusurwarsa, Alhamdulillah kuma ta zama amsar da ake ba baƙo idan yace ya gida, amma a tsakanin mutanen gidan babu mai jinta. Tun farko bari in faɗi ra'ayina, yara suna koyon godiya ne daga abun da ya fito daga bakin iyayensu a daidai lokacin da abu ya lalace, wa'azin da ake zaunar dasu ayi musu kaɗan ne yake shiga. Shi yasa matakan nan daga iyaye suke farawa, kuma da gangan na zaɓi ƙanana, dan gidan da yake cikin wahala bashi da ƙarfin ɗaukar wani sabon nauyi.

Na farko, ku zauna ku biyu kafin ku tunkari yara

Ku samu lokacin da yara sukayi bacci, a aje waya, kowa ya faɗi abun da yake tsoro. Ba zaman lissafin kuɗi bane wannan, shi yana da nasa lokacin. Abubuwa biyu kawai zaku yanke: me zamu faɗa wa yara, sannan wace irin magana ce bazamu ƙara yi a gabansu ba. Idan ke kaɗai ce kike riƙe da gidan ko kai kaɗai ne, toh ka nemi babba ɗaya da ka yarda dashi, ɗan uwa ko aboki mai riƙe sirri, wanda zaka dinga sauke masa abun da yake ranka, dan idan babu shi akan yaran zaka sauke ba tare da ka sani ba.

Anan akwai wani kuskure da mutane da yawa suke yi, suna ɗauka mai godiya baya kuka, baya cewa na gaji. Ba haka addini ya koyar ba. Annabi Yaƙub (AS) yayi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa sukayi fari, kuma abun da yace a Suratu Yusuf aya ta 86 shine yana kai kukansa da baƙin cikinsa ne ga Allah. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim yake barin duniya, yace ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma bama faɗin komai sai abun da Ubangijinmu ya yarda dashi, Bukhari ya kawo wannan. Kaga kenan hawaye halal ne, faɗin cewa abu yayi nauyi halal ne, inda aka ja layi shine harshe ya fara tuhumar Allah ko ya fara cewa mu dai kullum mu ne, meye amfanin addu'ar ma. Ku yarda tsakaninku cewa idan ɗaya ya fara zamewa zuwa irin wannan maganar, ɗayan zai tuna masa a hankali ba tare da gori ba.

Na biyu, a faɗa wa yara gaskiya daidai hankalinsu

Yaro yana gane akwai matsala ko ba'a faɗa masa ba, kuma idan aka ɓoye masa sai ya cike gurbin da tunaninsa, wani ma ya ɗauka shine yayi laifin da yasa Baba baya dariya. Ɗan shekara 5 ya ishe shi ace masa yanzu bazamu iya siyan wasu abubuwa ba amma muna tare kuma Allah yana tare damu. Wanda ya kai 12 ko sama za'a iya buɗe masa kaɗan, ace aikin Baba ya tsaya, ko jikin Mama sai an ɗau lokaci ana magani, ga kuma abun da muke yi akai. Kada a ɗora masa adadin bashi ko sunan waɗanda suke bin ku, wannan ba kayansa bane. A karanta musu aya ta 155 zuwa 157 a Suratul Baƙara inda Allah ya faɗa ƙarara cewa zai jarrabe mu da wani abu na tsoro da yunwa da raguwar dukiya da rayuka da amfanin gona, dan su san abun da ya same ku abu ne da aka riga aka sanar, ba alamar Allah ya ƙi gidanku bane.

Na uku, sallah ɗaya da kowa zai haɗu

Kar kuce daga gobe duk gidan za'a dinga tashi ƙiyamul laili, wallahi kwana kaɗan zakuyi ku watsar, sannan ku ƙara wa kanku jin cewa kun gaza. Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa aikin da Allah yafi so shine wanda aka dawwama akansa ko da kaɗan ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Ku zaɓi lokaci ɗaya a rana wanda yawanci kowa yana gida, ga mafi yawan gidaje tsakanin magariba da isha'i ne ko bayan isha'i. Idan maigida a masallaci yake farilla, toh ya dawo da nafilarsa gida, dama Annabi (SAW) yace ku sanya wani ɓangare na sallarku a gidajenku kada ku maida su kaburbura. Uwa da yara suyi tasu jam'in, shi kuma ya dawo ya same su a wajen yayi raka'a biyunsa a gabansu, a zauna tare.

Akwai ayar da nake ganin ya kamata duk mai iyali da yake cikin ƙuncin abun hannu ya riƙe, Suratu Ɗaha aya ta 132. Allah yace ka umarci iyalinka da sallah kuma kayi haƙuri akanta, bama tambayarka arziki, mu ne muke azurta ka. Dubi yadda aka haɗa sallar iyali da zancen arziki a aya ɗaya, kamar an san dama tunanin abun da za'a ci shine yake fara janye mutum daga kula da sallar gidansa. Sannan an ce kayi haƙuri akanta, ma'ana abun zai buƙaci maimaici, yau ka kira sun zo, gobe sai ka kira sau uku.

Ɗan abun da zai sauƙaƙa: a ware waje ɗaya a gidan ko da kusurwar ɗaki ce, dardumai da Alƙur'ani su zauna a wajen, dan neman hijabi da darduma kaɗai ya isa ya cinye niyyar mutum. A ba yaro ɗaya aikin shimfiɗawa, wani aikin kiran mutane, ana juyawa duk sati. Wayoyi a barsu a wani ɗakin, har da ta Baba, dan idan tashi tana aljihu babu wanda zai ɗauki dokar da muhimmanci. Ƙananan yara kuwa a barsu suyi ta hawa bayan mutane, Annabi (SAW) yayi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama, idan zaiyi sujada ya aje ta idan ya miƙe ya ɗauke ta. Hadisin Abu Dawud yace a fara umartar yaro da sallah yana shekara 7, toh wanda bai kai ba meye na daka masa tsawa dan yayi magana a sahu.

Na huɗu, minti biyar na lissafin ni'ima

Wannan shine zuciyar abun gaba ɗaya, dan haka zan ɗan daɗe akai. Bayan an idar an gama azkar, kada kowa ya tashi. A fara da addu'ar da Annabi (SAW) ya koya wa Mu'azu bin Jabal (RA) bayan ya riƙe hannunsa yace masa yana sonsa, yace kada ya bari bayan kowace sallah: Allahumma a'inni ala zikrika wa shukrika wa husni ibadatika. Gajera ce, ɗan shekara 4 ma zai haddace ta a sati ɗaya. Abun lura a cikinta shine godiyar ma roƙon Allah ake ya taimaka akanta, kenan idan kaji ta maka nauyi a wannan halin ba wani abun mamaki bane.

Daga nan sai a zaga, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya faru yau wanda yake gode wa Allah akai. Iyaye su fara, kuma dan Allah kada a tsaya a lafiya da zaman lafiya kullum, gaskiya ne ni'imomi ne manya amma idan aka maimaita su kwana goma a jere sai su zama waƙa, baki yana faɗa zuciya tana wani wajen. A faɗi takamaiman abu. Zazzaɓin ƙanwarku ya sauka yau. Wanda nake tsoron kiransa ya kira da kansa kuma yayi min magana mai daɗi. Na samu bacci jiya bayan kwanaki ina juyi. Dokar ita ce ba'a maimaita abun da aka faɗa jiya, wannan dokar ce take tilasta wa mutum ya dinga lura tun da rana yana neman abun da zai faɗa da dare, kuma a nan amfanin yake, dan ƙwaƙwalwar mai damuwa matsala kawai take tsinta idan ba'a bata wani aikin ba.

Idan yaro yace shi yana godiya ne saboda ya ci ƙwallo ko saboda malaminsu bai zo ba, a karɓa a ce Alhamdulillah, kar a gyara masa. Ranar da aka fara cewa wannan ai ba ni'ima bace faɗi wata, daga ranar zai fara faɗin abun da yasan kuna son ji. Wanda yace yau bashi da komai shima a ƙyale shi, ace toh mu zamu faɗa maka ɗaya, mun gode wa Allah da ya bamu kai. Babu tilas a wannan zaman.

Ku samu littafin rubutu guda ɗaya a dinga rubuta kwanan wata da abun da kowa ya faɗa, layi ɗaya ɗaya. Zakuga amfaninsa ranar da abubuwa suka ƙara cakuɗewa har kowa ya rasa abun faɗa, sai a buɗe shafin wata biyu baya a karanta, zaku sha mamakin yawan abubuwan da kuka ɗaga hankali akansu kuma suka wuce har kun manta. Masana halayyar ɗan adam ma sun gwada irin wannan, a shekarar 2003 Robert Emmons da Michael McCullough a Amurka sun wallafa binciken da suka raba mutane rukuni rukuni, wasu suna rubuta abubuwan godiya wasu suna rubuta abubuwan da suka ɓata musu rai, masu rubuta godiyar suka fi nuna jin daɗin rayuwarsu da kyakkyawan fata. Mu dai dalilinmu ya riga wannan, Allah yace a Suratu Ibrahim aya ta 7 idan kun gode zan ƙara muku. Sai dai kada a koya wa yara ayar kamar ciniki, wai mu gode yau gobe kuɗi su shigo, ƙarin yana iya zuwa ta natsuwa ko lafiya ko albarkar ɗan abun da yake hannu.

Ranar da aka rasa ta inda za'a fara, akwai hadisin Tirmizi da yake cewa wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiyar jikinsa, yana da abincin yininsa, kamar an haɗa masa duniya ne. Abu uku ne, a duba a gani guda nawa ne a gidan yau. Wani lokacin biyu ne, wani lokacin ɗaya, a gode akan wanda yake nan a roƙi sauran.

Na biyar, lokacin kwanciya

Dare shine lokacin da tunani yake taso wa mutum, yara ma haka. Akwai ƙissar da ta dace da gidan da yake cikin wahala sosai. Nana Faɗima (RA) aikin gida ya mata yawa har niƙa ya taɓa hannunta, taje neman mai taimaka mata wajen mahaifinta bata same shi ba, da ya samu labari sai yazo gidansu da dare sun riga sun kwanta ita da Sayyadina Ali (RA), ya zauna a tsakaninsu yace in nuna muku abun da yafi muku mai hidima? Idan zaku kwanta kuyi Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 34. Ali yace bai taɓa barinsa ba tun daga nan, har aka tambaye shi ko daren yaƙin Siffin, yace ko daren Siffin. Wannan gidan 'yar Annabi ne fa, kuma gajiya da rashi sun shige shi.

Toh ku ɗauki wannan ku ɗora akan ayatul kursiyyu, da ayoyi biyun ƙarshen Baƙara waɗanda hadisi yace duk wanda ya karanta su da dare sun isar masa, da ƙulhuwallahu da falaƙi da nasi a tofa a hannu a shafe jiki kamar yadda Annabi (SAW) yake yi. Duka bazai wuce minti biyar ba. Ga ƙananan yara, uba ko uwa ya zauna a bakin shimfiɗarsu ayi tare da ƙirga yatsu, hannun da aka ɗora a kan yaro a wannan lokacin yana kwantar masa da hankali fiye da dogon bayani.

Na shida, a tsare harshe a sauran yinin

Duk abun da aka gina da magariba ana iya rushe shi da safe da kalma ɗaya. Mafi hatsari shine mugun baki akan yara lokacin fushi, kuma matsi yana sa fushi ya zama kusa. A Sahihu Muslim Annabi (SAW) ya hana mu yin mummunar addu'a akan kanmu da 'ya'yanmu da dukiyoyinmu, kada ta dace da lokacin amsawa. Idan baki ya saba, a canza masa abun faɗa tun kafin fushin yazo, Allah ya shirye ka, Allah ya maka albarka, ko da da ƙarfi aka faɗa cikin ɓacin rai dai addu'a ce mai kyau ta fita. Idan kuma an riga an zagi yaro ko an huce akansa alhali ba shi yayi laifin ba, a koma a bashi haƙuri, girman uba baya raguwa da wannan.

Sai godiya tsakanin mutanen gidan. Wanda baya gode wa mutane baya gode wa Allah, hadisi ne a Abu Dawud da Tirmizi, kuma abun takaici shine mukan yi wa na waje godiya har da rusunawa amma wadda ta wuni tana juya ɗan abun da ya rage dan ya ishi kowa babu ko sannu. Maigida, kace mata sannu da ƙoƙari Allah ya saka da alkhairi a gaban yara su ji. Uwargida, ranar da ya dawo hannu babu komai bayan ya wuni yana nema, wannan ranar ce yafi buƙatar sannu da zuwa mai kyau, tambayar an samu ko ba'a samu ba ta jira ya sha ruwa tukunna. Abun da aka aje a gaba kuma kada a kushe, Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, idan yana so ya ci idan baya so ya bari.

Waya ma tana da nata ɓarnar anan. Mutum yana cikin ƙunci sai ya kwana yana kallon hotunan bukukuwa da sabbin motocin mutane a Instagram da TikTok, ya tashi yana jin shi kaɗai aka bari a baya, alhali babu mai ɗora hoton bashinsa. Annabi (SAW) yace ku dubi wanda yake ƙasa daku kada ku dubi wanda yake sama daku, hakan zaifi sa ku ƙi raina ni'imar Allah. A aikace, duk shafin da ka lura kana fita daga cikinsa da ƙuncin zuciya ka daina binsa na wannan lokacin. Amma fa wannan hadisin magani ne da mutum yake sha da kansa, kar a maida shi abun rufe bakin wanda yazo da kukansa, yarinya tace tana jin kunyar tsohon takalminta a ce mata wasu ko ƙafar basu da ita. A fara saurarenta a nuna an fahimta, zancen na ƙasa yazo daga baya.

Na bakwai, godiyar ta fito a aiki

Allah da yake magana da gidan Annabi Dawud (AS) a Suratu Saba'i aya ta 13 cewa yayi ku yi aiki dan godiya ya iyalan Dawud, iyali aka kira gaba ɗaya. Malamai sunce godiya tana zuciya, tana harshe, tana gaɓɓai. Sau ɗaya a sati ku zaɓi abu ɗaya da gidan zaiyi wa wani, kuma ba dole sai kuɗi ba: a duba mara lafiya, a kira dattijon da aka daɗe ba'a ji muryarsa ba, babban yaro ya koya wa ɗan maƙota karatu, a fitar da kayan da suka yi wa yara kaɗan. Hadisi yace ku kare kanku daga wuta ko da da ɓarin dabino ne. Gidan da yake karɓar taimako yana matuƙar buƙatar wannan, dan yaran su san suma suna da abun bayarwa. Maigidan da zama ya kama shi a gida saboda rashin aiki kuma, ya sa hannu a aikin gidan, an tambayi Nana A'isha me Annabi yake yi a gida tace yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin sallah yayi ya fita.

Na takwas, ƙissa ɗaya a sati, da tambayoyin da zasu biyo baya

A maimakon nasiha, a bada labari. Annabi Yusuf daga rijiya zuwa bauta zuwa kurkuku. Annabi Ayyub da jinyarsa, addu'arsa tana Suratul Anbiya aya ta 83, ta Annabi Yunus a cikin kifi tana aya ta 87, a haddace su tare. Nana Hajara da aka bari da jariri a kwarin da babu shuka, ta tambayi Annabi Ibrahim Allah ne ya umarce ka da wannan, yace eh, tace toh bazai tozarta mu ba, sannan bata zauna ba tayi ta kai kawo tsakanin Safa da Marwa har sau 7. A basu labarin takunkumin da Ƙuraishawa suka sa wa Annabi da danginsa kusan shekara 3, da shekara ta 10 bayan aiko shi wadda ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib a cikinta. A faɗa musu Nana A'isha tace sukan ga jinjirin wata uku a cikin wata biyu ba'a hura wuta a gidajen Annabi ba, dabino da ruwa ne abincin. Yaron da yasan wannan bazai yarda idan wani yace masa talauci alamar fushin Allah bane.

Wata rana ɗaya daga cikinsu zai tambaya, mun daɗe muna addu'a me yasa Allah bai amsa ba. Kar a ce masa yayi shiru ko ace yayi saɓo, tambaya ce ta mai hankali. Amsar tana hadisin da Imam Ahmad ya ruwaito, cewa addu'ar musulmi matuƙar babu zunubi ko yanke zumunci a cikinta ɗayan uku ne: a bashi abun da ya roƙa da wuri, ko a aje masa sai lahira, ko a kawar masa da wani sharri kwatankwacinta. Kuma babu laifi uba yace nima ban san lokacin ba, amma nasan wanda muke roƙo yana ji.

Na tara, a haɗa da neman mafita

Zikiri baya hana rubuta takardar neman aiki, baya hana zuwa asibiti, baya hana zama da mai bin bashi a nemi ya ƙara lokaci. Mutumin da ya tambayi Annabi ko ya saki raƙumarsa yayi tawakkali, ce masa akayi ɗaure ta sannan kayi tawakkali. Yana da kyau yara su ga ɓangarorin biyu, suga an ɗaga hannu da dare kuma suga an fita nema da safe. Ga mai bashi da damuwa akwai addu'ar da Anas (RA) yace yana yawan jin Annabi yana yi, wadda ta fara da Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, a cikinta akwai neman tsari daga kasala da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Wanda akayi wa rasuwa ko asara kuma ya riƙe wadda Ummu Salama (RA) tayi bayan rasuwar mijinta, Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha.

Sannan wani abu da bana so a wuce shi. Idan wani a gidan ya kai sati biyu ko fiye baya iya bacci ko baya iya tashi daga kwance, ya daina cin abinci, komai ya fita daga ransa, ko ya fara cewa gara ace baya raye, wannan ba raunin imani bane da za'a ce ya ƙara istigfari kawai, ciwon damuwa cuta ce da likitoci suke dubawa kuma ana samun sauƙi. A kai shi, a cigaba da addu'ar a gefe. Idan zancen kashe kai ya fito daga bakinsa kuwa ba'a jira gobe, kuma ba'a barinsa shi kaɗai.

Idan tsarin ya watse

Zai watse, wannan kam babu makawa, baƙi zasu zo, wani zai kwanta asibiti, ko ayi faɗa a kwana uku babu mai son zama kusa da wani. Kada a tsaya neman wanda ya jawo, kuma kar ace sai Juma'a ko sai farkon wata za'a dawo, a daren da aka tuna a shimfiɗa darduma ko mutum biyu ne suka zo. Idan kuma kun ga duka matakan sun muku yawa, ku riƙe na uku da na huɗu kawai har wata ɗaya kafin ku ƙara wani.

Samari da 'yan mata masu tasowa sune zasu fi bada wahala, zasu zauna suna cin magani kamar an musu dole. Abun da yake aiki dasu shine a basu ragama, shi ya ja sallar idan karatunsa ya kai, ita ta riƙe littafin ko ta zaɓi ƙissar satin, kuma kada a taɓa amfani da zaman wajen tono laifin da sukayi da rana, idan suka gane zaman kotu ne bazasu ƙara zuwa da zuciya ɗaya ba. Idan abokin zaman ne baya bada haɗin kai, mijin ko matar, kada a maida abun rigima ko a dinga jifansa da ayoyi a gaban yara. Ki fara da yaranki, ka fara da yaranka, a bar masa wajen zamansa a buɗe, a dinga sa sunansa cikin abubuwan da ake gode wa Allah akai yadda zai jiyo daga inda yake. Sau da yawa wanda ya janye jikinsa kunyar halin da gidan ya shiga ce take damunsa, yana ganin kamar shi ya gaza, irin wannan kuwa sai an bashi lokaci, wata ɗaya ko biyu, kafin a sake gayyatarsa a keɓe ba'a gaban kowa ba.